Faɗakarwa a Kan Amanar Sirri Lokacin Binciken Zamba

Da sunan Allah muke farawa, kuma gare Shi muke neman taimako. Godiya ta tabbata ga Allah, Masanin ɓoye da bayyane, wanda Ya suturta aibobin bayinSa alhali Yana ganinsu. Tsira da aminci su tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu, wanda mutanen Makka suka kira shi Amintacce tun kafin a aiko shi, da alayensa da sahabbansa da waɗanda suka bi su da kyautatawa har ranar sakamako.

Bayan haka, ya kai ɗan'uwa mai karatu, Allah Ya datar da mu da kai, wannan 'yar takarda ce a kan mas'ala guda. Mutum ne aka ba shi ajiyar sirrin dukiyar mutane, sa'an nan aka yi zargin an yi zamba, masu bincike suka zo suna tambayarsa. Idan ya yi shiru yana tsoron ya ɓoye shaida, idan ya yi magana yana tsoron ya ci amana. To, mene ne ya wajaba a kansa?

Kada ka ɗauka wannan mas'alar manyan birane ce. A da, masu riƙe da sirrin dukiya a gari kamar Likoro kaɗan ne: dagaci da ke da littafin haraji, da dillali, da uwar adashi, da malamin da ke rubuta wa mutane wasiƙa da takardar jingina. A yau sun yawaita. Mai POS na bakin kasuwa yana ganin abin da ya shiga asusun mutum da abin da ya fita. Sakataren ƙungiyar manoma yana riƙe da lambar waya da lambar BVN ta kowane ɗan ƙungiya, domin tun daga 2014 da aka kawo wannan lamba ta zama mabuɗin hulɗa da banki. Akawun ƙaramar hukuma a Hunkuyi yana da jerin albashi, ma'aikacin banki a Zariya yana da lissafin dubban mutane, ma'ajin masallaci ya san wanda ya bayar da wanda ya ranta. Kowane ɗayansu wannan tambaya tana iya samunsa, kuma mai yiwuwa ne kana cikinsu.

Fasali na farko: sirrin dukiya amana ne

Ka sani cewa asali ga abin da ka sani ta hanyar aikinka shi ne kamewa. Wanda ya miƙa maka katinsa ya ce ka cire masa kuɗi, ya ba ka ajiya biyu: kuɗin, da sanin yawan kuɗin. Ta farko kowa ya san amana ce. Ta biyu ita ake mantawa, alhali ɓarnarta tana iya fin ta farko. Idan aka ji cewa wane ya sayar da rakensa ko masararsa kuɗi sun shigo masa, kunnen mai neman rance ya ji, kunnen ɓarawo ya ji, kunnen mai satar mutane ma ya ji. Idan aka ji bashi ya yi masa katutu, sai a janye masa 'ya da aka yi masa alkawari, ko dillali ya karya masa farashin gona. Allah Ya umarce mu a Suratun Nisa'i da mayar da amana ga masu ita, kuma Ya hane mu a Suratul Hujurati ga bin diddigin asirin mutane da cin namansu a bayan ido. Wanda ya karanta Ahalari ma ya ga giba da annamimanci a cikin abubuwan da aka haramta tun a shafukan farko. Da gaskiyar Hausawa da suka ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba.

Dokar ƙasa ba ta saɓa wa wannan ba. Sashe na 37 na kundin tsarin mulkin Nijeriya na 1999 ya kare sirrin mutum da gidansa da wasiƙunsa da maganarsa ta waya. A 2023 kuma aka yi doka ta musamman don kare bayanan mutane, wadda ta ɗora wa duk mai tara su nauyin tsare su. Game da banki, tushen da alƙalai suke komawa gare shi wata shari'a ce ta Ingila ta 1924, ta wani mutum mai suna Tournier. Bankinsa yana binsa bashi, sai manaja ya buga waya wurin aikinsa, ya faɗa wa masu gidansa cewa ana binsa bashi kuma ga alama yana hulɗa da mai caca. Mutumin ya rasa aikinsa. Kotun ɗaukaka ƙara ta ce riƙe sirrin mai ajiya wajibi ne a kan banki ko da ba a rubuta shi a yarjejeniya ba, kuma ba a buɗe shi sai a wurare huɗu: idan doka ta tilasta, ko maslahar jama'a ta wajabta, ko bankin yana neman haƙƙinsa, ko mai ajiya ya yarda.

Fasali na biyu: inda shiru yake zama ha'inci

Ka lura, ya ɗan'uwa, amana ba a yi ta don ta zama rumbun ɓarayi ba. Wanda Ya umarce mu da riƙon amana Shi ne Ya hane mu ɓoye shaida a ƙarshen Suratul Baƙara, Ya kuma bayyana cewa mai ɓoye ta zuciyarsa ce mai laifi. Malamai irin su Imamu Gazali da Imamu Nawawi sun ƙirga wurare shida da ambaton aibin mutum ba ya zama giba. A cikinsu akwai kai ƙarar zalunci ga mai iko, da neman taimakon wanda zai iya kawar da mummunan aiki, da yi wa Musulmi gargaɗi a kan wanda zai cuce su. Zamba a dukiyar jama'a ta haɗa waɗannan uku duka.

Suturta Musulmi abin so ne a laifin da ke tsakaninsa da Ubangijinsa. Amma dukiyar mutane tana da masu ita, kuma rufa asirin wanda ya ci ta tona asirin wanda aka ci tasa ne. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya soki cin dukiyar talakawa da karɓar gaisuwa a Kitabul Farƙi, kuma da sutura ce mafita a irin wannan da bai rubuta ba.

Dokar ƙasa ma a nan ta tsaya. Dokar hana halasta kuɗin haram ta 2022 ta wajabta wa banki, idan ya ga hada-hadar da yake tuhuma, ya kai rahoto ga hukumar NFIU cikin awa 24, kuma ba a karɓar sirrin banki a matsayin uzurin ƙin ba da bayani. Dokar EFCC ta 2004 ta ba wannan hukuma ikon neman bayani daga mutum ko kamfani ko ofis. Saboda haka wanda doka ta tambaye shi ya amsa bai ci amana ba, ya sauke nauyi ne.

Fasali na uku: buɗewa miƙa amana ce

Wannan shi ne zuciyar maganar, sai ka riƙe shi da kyau. Mutane da yawa suna zaton sirri hali biyu ne gare shi, ko a rufe ko a buɗe, kuma da zarar an ce ana bincike to kowa ya sami izinin magana. Wannan kuskure ne babba. Lokacin da ka ba mai bincike bayani, amanar ta tashi ne daga hannu guda ta koma hannu biyu, naka da nasa, kuma har yanzu amana ce. Lalurar da ta halatta buɗewa gwargwadonta ake aunawa, kamar yadda malaman fiƙihu suka kafa ƙa'ida.

Mu ƙaddara ƙungiyar manoma ce a Likoro, an ba ta taki bashi, sai aka yi zargin cewa a cikin jerin waɗanda suka karɓa akwai sunaye uku na mutanen da babu su. Littafin yana hannun sakatare. A cikinsa akwai bashin kowa: ga matar da mijinta ya rasu tana biya da guminta, ga dattijon da ya jinginar da gonarsa 'ya'yansa ba su sani ba. Sharuɗɗa huɗu ne a kan wannan sakatare.

Na farko, ya san wanda zai ba wa. Ba duk mai tambaya ne mai bincike ba. Ya nemi takardar da ta nuna wanda ya aiko mutumin da ikon da aka ba shi, ko umarnin kotu, ko shawarar da ƙungiya ta yanke a zamanta. Da yawa 'yan damfara suna bugo waya da sunan banki ko hukuma su ce ana bincike, a karanto musu lambobi. Wanda ya karanto ya taimaki zamba yana zaton yaƙarta yake yi.

Na biyu, ya san gwargwadon abin da zai bayar. An tambaye shi sunaye uku, to ya ba da abin da ya shafe su cikakke, ba ragi ba ƙari. Idan mai iko ya ce sai an ga littafin duka kafin a gane gaskiya, ya miƙa shi da shaidu, a rubuta ranar da sunan wanda ya karɓa. Amma ya ɗauki hoton shafuka ya aika ta WhatsApp don sauƙi, wannan sakaci ne, domin abin da ya shiga waya ba ya da mai tsaro.

Na uku, ya bambance abin da ya gani da abin da yake zato. Ya ce: ga sa hannu, ga rana, ga yawan buhuna. Kada ya ce: dama wane ya yi sabon babur, ai daga nan ne. Malaman tafsiri sun ambata cewa ayar bincika labari ta Suratul Hujurati ta sauka ne a kan mas'alar dukiya. An aiki mai karɓar zakka zuwa Banu Musɗaliƙ, ya dawo ya ce sun hana, alhali ba su hana ba, har aka kusa auka musu a kan zato.

Na huɗu, ya kame bakinsa bayan ya bayar. Kada ya kai maganar dandali ko wurin mai shayi, kada ya kai ta ɗaki. Kuma kada ya kai ta ga wanda ake zargi. A nan ne jarrabawa take, domin a gari kamar namu wanda ake zargin ba baƙo ba ne. Surukinka ne, ko abokin wasanka, ko wanda kuke sahu ɗaya a masallaci. Zuciya za ta ce maka: je ka da dare ka ce masa gobe za a zo, ya gyara takardunsa. To ka sani, nasiha tana da lokacinta. Tun magana ba ta kai ga hukuma ba, ka same shi a keɓe ka ce ya ji tsoron Allah ya mayar da haƙƙi. Idan ta riga ta kai, to tuna da matar nan ta Banu Makhzumi da ta yi sata, aka tura Usamatu ɗan Zaidu ya nema mata ceto, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi fushi ya ƙi. Dokar 2022 da muka ambata ma ta mai da shi laifi ga ma'aikacin banki ya tsegunta wa mai kuɗi cewa an kai rahotonsa.

Fasali na huɗu: nauyin mai bincike

Idan kai ne aka miƙa wa, ko ɗan kwamiti ne kai, ko mai unguwa, ko jami'in hukuma, to nauyinka ya fi na wanda ya miƙo, domin kai da ƙarfin iko ka karɓa. Mutum uku ne suke da haƙƙi a wuyanka.

Na ɗaya, wanda ya kawo labari. Idan sunansa ya fita, gonarsa da kasuwarsa da auren 'ya'yansa suna cikin haɗari, wani lokaci har ransa, kuma bayansa ba wanda zai ƙara magana. Dokar EFCC ta ce ba a tilasta wa jami'anta su faɗi wanda ya ba su labari sai da umarnin kotu, ta kuma tanadi hukunci ga wanda ya kawo ƙarya da gangan. A Disamba 2016 Ma'aikatar Kuɗi ta Tarayya ta fito da tsarin ba masu tona asirin satar dukiyar gwamnati lada, daga kashi 2.5 zuwa kashi 5 cikin 100 na abin da aka ƙwato. Ka lura, inda aka sa lada an ƙara wa mai bincike aiki biyu: ɓoye mai gaskiya, da tace mai kwaɗayi.

Na biyu, waɗanda sunayensu suka biyo cikin takardu ba su da laifin komai, irin matar nan da dattijon nan. Dokar 2023 ta sassauta wa hukumomin binciken laifi wasu ƙa'idoji, amma ba ta ɗauke musu asalin ba, wato a tara abin da ake bukata kawai, a yi amfani da shi a kan abin da aka tara shi dominsa, a kuma tsare shi.

Na uku, shi kansa wanda ake zargi. Sashe na 36 na kundin tsarin mulki ya ce ana ɗaukarsa marar laifi har sai an tabbatar, kuma shari'armu ta ɗora kawo hujja a kan mai da'awa. Dubi abin da ya faru a jiharmu. A Fabrairu 2017 jami'an EFCC suka shiga wani gida a Sabon Tasha, Kaduna, suka fito da dalar Amurka fiye da miliyan 9 da dubu 700, da fam 74,000 na Ingila, na tsohon shugaban kamfanin mai na NNPC, Andrew Yakubu. Kafin a kai shi gaban alƙali hoton kuɗin ya gama ƙasa, kuma jama'a sun gama yanke hukunci. A Maris 2022, bayan shekara 5, Babbar Kotun Tarayya a Abuja ta sallame shi ta wanke shi daga tuhumar. Da yawa cikin waɗanda suka ga hoton ba su ji hukuncin ba. Idan haka take ga babban mutum mai lauyoyi, yaya ƙaramin akawu ko ma'ajin ƙungiya, wanda ba shi da jari sai sunansa? Magana zarar bunu ce.

Abin koyi a nan shi ne Huzaifa ɗan Yamani, Allah Ya yarda da shi, wanda Manzon Allah ya sanar da shi sunayen munafukai, ya riƙe su bai watsa ba. Sayyidina Umar, da girmansa, abin da ya tambaye shi shi ne ko shi kansa yana ciki. Haka kuma lokacin da Ibnul Lutbiyya ya dawo daga karɓar zakka ya ware wani abu ya ce kyauta aka yi masa, Manzon Allah ya yi masa hisabi bai sassauta ba, amma da ya hau mumbari sai ya yi magana a kan aikin a dunƙule don kowa ya ji tsoro.

Fasali na biyar: amsar wasu shubuhohi

Idan ka ce: wannan ɓoye-ɓoyen ai shi ne ya sa manya suke cin dukiya ana kashe maganar a ɗaki, sai mu ce: tsoronka yana kan hanya, kuma an sha ganin haka. Amma ka bambance bincike da hukunci. Bincike a rufe ake yinsa, don kada mai laifi ya gudu ko ya ƙone takarda, kuma kada a ɓata marar laifi. Hukunci kuwa a buɗe ake yinsa, a zauren kotu ko a taron ƙungiya, kowa ya ji abin da aka samu da abin da aka mayar. Kuma lissafin dukiyar jama'a, nawa aka karɓo, nawa aka kashe, wannan ba sirrin kowa ba ne. Haƙƙin masu dukiya ne su tambaya, kuma dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 don irin wannan aka yi ta. Abin da ake rufewa shi ne lissafin mutum na kansa, da sunan mai kawo labari, da zargin da bai tabbata ba.

Idan ka ce: to idan wanda zan kai wa ƙarar shi ne ɓarawon fa, sai mu ce: ƙofa ba ɗaya ba ce. Bisa shugaban ƙungiya akwai taron 'yan ƙungiya, bisa dagaci akwai hakimi, bisa ofis akwai masu binciken kuɗi na jiha, akwai kotu, akwai ICPC da EFCC. Ka haura daga ƙofa zuwa ƙofa da hujjarka a hannu. Idan duka suka toshe, zalunci kuma yana ci gaba, to wanda aka zalunta an yi masa rangwamen ɗaga murya, kamar yadda ya zo a Suratun Nisa'i. Ko a nan ɗin, ka faɗi abin da ka tabbatar kawai, ka rufe sunayen waɗanda ba ruwansu, ka shawarci malami da masanin doka kafin ka buɗe baki.

Idan ka ce: na yi masa rantsuwa ba zan faɗa ba, sai mu ce: rantsuwa ba ta halatta cin haƙƙin wani. Ka ba da shaidar, ka yi kaffarar rantsuwarka.

Kammalawa

Ya ɗan'uwa, kafin ka buɗe abin da aka ba ka ajiya, tambayi kanka: wa zan faɗa wa, nawa zan faɗa, na gani ne ko zato nake yi, kuma don Allah da haƙƙin mutane zan faɗa ko don wata tsohuwar gaba? Domin mutum yana iya faɗin gaskiya ga wanda ya dace, amma niyyarsa ta ɗaukar fansa ta cinye ladan. Kuma kafin ka rufe, tambayi kanka: wa shirun nan yake karewa, mai rauni ko mai cin dukiyarsa? Akwai ranar da za a bayyana asirai duka, mai bincike da wanda aka bincika da mai shaida su tsaya wuri guda, kuma a ranar ba a biyan bashi da naira.

Allah Ya suturta mu duniya da lahira, Ya tsare harsunanmu daga ƙarya da hannuwanmu daga haram, Ya sanya mu cikin masu riƙon amana masu tsayar da shaida. Allah ne Mafi sani. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.